Yadda za ku yi aiki da famasis idan an ce yaronku yana da ADHD

Iyaye sun yi ta maimaita min tambaya iri ɗaya a kan yaran nan masu lalurar rashin natsuwa da yawan ƙiriniya, wadda likitoci ke kira ADHD: wai an rubuta mana magani, ina za mu samu, da wane lokaci ake ba shi, ba zai zame masa jaraba ba, me ya sa ya daina cin abinci? To ga shi nan na jero muku daki-daki yadda nake so a riƙa yi, ni da nake tsaye a bayan kantar famasi ina ba da magani. Abin da nake so ku riƙe tun daga farko shi ne maganin nan ba irin wanda ake karɓa a wuce ba ne kamar na zazzaɓi, sai an bi shi ana lura wata da watanni, kuma famasis, wato ƙwararren masanin magunguna, shi ne ma'aikacin lafiyar da za ku fi gani a tsakanin ranakun ganin likita, don haka ku yi amfani da shi sosai.

1. Ku fara zuwa wurin famasis da tarin magungunan gida, kafin maganar ADHD

Kafin ku je asibiti ma, ku tattaro duk wani magani da yaron ke sha ko ya sha kwanan nan, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ku zuba a leda ku kawo mana mu duba. Dalili kuwa akwai magungunan da su kansu suke sa yaro ya kasa zama wuri ɗaya. Phenobarbitone da ake ba masu farfaɗiya sananne ne wajen sa yara ƙiriniya da saurin fushi, salbutamol na masu asma yana sa rawar jiki da bugun zuciya, wasu magungunan mura ma haka. Ba cewa na yi ku dakatar da su da kanku ba, musamman na farfaɗiya, wannan haɗari ne babba, amma famasis zai rubuta muku ƴar takarda ku kai wa likita ya san da su.

A nan ne kuma za mu tambaye ku wasu abubuwa da za ku ga kamar ba su da alaƙa. Yana ji sosai in an kira shi daga baya? Yana ganin allo a aji? Yana munshari da dare ko yana kwana a kan waya? Yana da sikila? Ya taɓa yin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani har da jijjiga? Yana yin shiru ya ƙura ido na ƴan daƙiƙu kamar an ɗauke shi sannan ya dawo? Kuna zaune kusa da inda ake niƙa dutsen zinare? Wannan ta ƙarshe ba wasa ba ce, duk wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a Anka da Bukkuyum a Zamfara a 2010 ya san tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma tana iya barin yaro da rashin mayar da hankali. Duk waɗannan suna iya yin kama da ADHD alhali maganinsu daban.

Gargaɗi: famasis ba ya yanke hukunci cewa yaro yana da ADHD. Duk wanda ya kalli yaronku minti biyu a shago ya ce ai wannan ita ce, ya ɗauko magani, ku bar wurin.

2. A samu tabbaci daga likita

Wanda zai tabbatar shi ne likitan ƙwaƙwalwa ko likitan yara da ya san harkar. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, a Kano akwai Dawanau da Asibitin Malam Aminu Kano, a Zariya akwai Shika. Na san da yawa suna jin nauyin a gan su a ƙofar irin waɗannan asibitoci da yaro, ana tsoron bakin mutane, amma dukan da yake sha kullum a gida da makaranta ana ce masa marar ji ya fi wannan illa nesa ba kusa ba.

Likita zai so ya ji cewa alamun sun fara kafin shekara 12, sun kai aƙalla wata 6, kuma ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya, ba a gida kaɗai ba. Saboda haka ku tafi da ɗan bayani daga malamin boko da malamin islamiyya, ko da a rubuce a takarda ɗaya ne. Idan yaron bai kai shekara 6 ba yawanci ba a fara da magani, ana fara da koya wa iyaye dabarun tafiyar da shi, kar ku matsa wa likita sai ya rubuta.

3. Ku zaɓi famasi ɗaya ku tsaya a kansa

Akwai bambanci tsakanin famasi da kemis kuma a nan ne ake yawan yin kuskure. Mai kemis na unguwa lasisinsa bai ba shi damar sayar da irin wannan magani ba ko kaɗan. Famasi kuwa dole ya kasance da rajista da hukumar PCN mai kula da harkar famasi a Najeriya, da lasisi a rataye a bango, da famasis da za ku iya cewa a kira muku shi. In kun shiga ku ce kuna son ganin famasis, ba yaron shago ba, wannan haƙƙinku ne.

Babban maganin da aka fi rubutawa shi ne methylphenidate, wanda za ku gani da sunan Ritalin ko Concerta, yana cikin magungunan da doka ta sa wa ido sosai a duniya, a Najeriya NAFDAC ke kula da shigo da shi, NDLEA kuma na bin masu karkatar da shi. Ma'ana ba a ba da shi sai da takardar likita ta asali mai sa hannu da kwanan wata, za a rubuta sunanku a littafin rajista, kuma hoton takarda a WhatsApp ba ya wadatarwa. Kar ku ji haushi in an tsaya ana tambayoyi, ba zarginku ake ba. Na biyu shi ne atomoxetine, wanda aka fi sani da Strattera, shi ba ya cikin wancan rukunin amma shi ma sai da takarda.

Ba kowane famasi ke ajiye su ba, sau da yawa sai famasin cikin babban asibiti ko manyan na cikin gari, kuma suna yankewa. Shi ya sa nake cewa ku tsaya wuri ɗaya, in famasis ya san duk wata akwai yaro da ke buƙatar ƙwaya 30 zai yi odarta tun da wuri ya ajiye muku.

Gargaɗi: kar ku saya a kasuwa, ko a hannun wani da ya ce ya zo da shi daga waje, ko a intanet. Ba ku san abin da ke ciki ba kuma kuna iya jefa kanku a hannun hukuma.

4. Ku yi lissafin kuɗi kafin a fara

Magungunan nan daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala, abin da aka faɗa muku yau ba lallai ya zama shi ne wata mai zuwa ba. Ku tambayi famasis abu uku. Ƙwaya nawa ce a kwali, kwana nawa za ta yi wa yaronku a yadda likita ya rubuta, sannan nawa ke nan a wata. Misali in an rubuta rabin ƙwayar 10mg sau biyu a rana, ƙwaya ɗaya ke nan kullum, kwali mai 30 zai kai wata guda, amma in aka ƙara zuwa cikakkiyar ƙwaya sau biyu kuɗin ya ninka, kuma ƙarin nan abu ne da ake yawan yi a makonnin farko, to ku sa shi a lissafi. Mai dogon aiki irin Concerta ya fi mai gajeren aiki tsada. Ku haɗa da kuɗin mota da na ganin likita, in kuna da inshorar lafiya ku tambaya ko tana ɗaukar wani abu daga ciki.

In kun ga ba za ku iya ba, ku faɗa tun yanzu, babu kunya a ciki. Famasis zai iya kiran likita su duba wanda ya fi sauƙi ko wani tsarin daban. Abin da ba na so shi ne a saya wata ɗaya a bari wata biyu, ko a riƙa ba shi rabin abin da aka rubuta a ɓoye don ya daɗe, sai a koma wurin likita a ce magani ba ya aiki shi kuma ya ƙara.

5. Ranar karɓar magani: ku zo da yaron, ku zo da littafi

Wannan ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci a wurina, kuma kar ku aiko ɗan aike ko direba. Wanda zai riƙa ba shi maganin da hannunsa shi zai zo, in Mama ce Mama, in Goggo ce ke riƙonsa Goggo. Ku sayi ƙaramin littafi mai shafi 20 irin na ƴan makaranta, shi ne kayan aikinku na farko. Ku roƙi famasis ya auna nauyin yaron da tsayinsa da bugun zuciya da hawan jini ya rubuta a shafin farko da kwanan wata, domin da wannan za a gwada duk abin da zai biyo baya. In ba su da ƙaramin abin ɗaura hannu na yara ku sa a auna a asibiti, na manya ba ya ba da daidai a hannun yaro.

Sai ku faɗa masa gaskiya a kan waɗannan ko da likita ya riga ya tambaya: ko yaron yana da ciwon zuciya, ko ya taɓa suma yana cikin gudu ko ƙwallo, ko a dangi akwai wanda ya faɗi ya rasu farat ɗaya yana matashi, ko yana da farfaɗiya, ko yana da ɗabi'ar ƙifta ido ko karkaɗa kafaɗa ba da son ransa ba. Ɗaya daga cikinsu ya isa a tsaya a sake tuntuɓar likita kafin a haɗiyi ƙwayar farko.

Daga nan a buɗe kwalin a gabanku. Ku karanta sunan, ku duba ƙarfin, Concerta tana zuwa 18 da 27 da 36 da 54mg kuma kwalayen suna kama, ku duba ranar lalacewa, ku ƙirga ƙwayoyin. Kafin ku tafi famasis mai kyau zai ce, Hajiya, to yanzu ke ki faɗa min yadda za ki ba shi gobe da safe. Ba raini ba ne, ta haka muke gane inda bayani bai shiga ba. Shi ma yaron a yi masa magana, a ce masa wannan zai taimaka maka ka saurari malam ne, ba don kai mugun yaro ba ne.

6. Yadda ake ba shi

Methylphenidate mai gajeren aiki yana fara aiki cikin rabin awa zuwa awa ɗaya, ya yi kamar awa 3 zuwa 4 ya sake shi, shi ya sa ake ba shi sau biyu ko uku. A ba shi bayan ya karya kumallo, kar a ba shi kafin, saboda da zarar ya fara aiki sha'awar abinci ta tafi. Ku cika masa ciki tukuna, koko da ƙosai, ƙwai, wake, abin da ya samu mai nauyi. In rabin ƙwaya ne ku sayi ɗan abin yanka ƙwaya a famasi, ba shi da tsada, wuƙa tana farfasa ta ta zama gari rabi ya fi rabi.

Ku zauna da famasis ku tsara lokutan a kan ranar yaronku ta gaskiya. Yaranmu ba boko kaɗai suke yi ba, a tashi ƙarfe 2 a ci abinci a wuce islamiyya har kusan magariba, wasu ga hadda bayan asuba. In maganin safe ya ƙare tun azahar malamin islamiyya ne zai gamu da shi a lokacin da ya sake shi, wani lokaci ma ƙiriniyar da kukan sun fi na da na ɗan lokaci. Wannan bayani ne da za a kai wa likita ya gyara lokaci, kar ku ƙara ƙwaya da kanku. Ita kuma ta ƙarshe ba a son ta wuce la'asar, in ba haka ba zai kai sha biyun dare idonsa biyu.

Concerta sau ɗaya ce da safe, tana kai wa kamar awa 12. A haɗiye ta ɗungurungum da ruwa, ba a tauna ta, ba a raba ta, ba a daka ta a zuba a kunu, in aka fasa ta maganin yini guda zai shiga jikinsa a lokaci ɗaya. Sannan akwai abin da ke tayar wa iyaye hankali: za ku iya ganin ƙwayar ta fito a bayan gida kamar yadda ta shiga, da siffarta da komai. Ɓawon ne kawai, maganin ya riga ya tsiyaye ta wani ɗan ƙaramin rami da ke jikinta, kar ku sake ba shi wata. In yaron bai iya haɗiyar ƙwaya ba ku faɗa tun kafin ku biya kuɗi.

Atomoxetine shi kuma daban yake, da nauyin yaro ake lissafa shi, ana fara da kaɗan a ƙara bayan mako guda, kullum ake sha ba fashi, kuma sai ya yi makonni kafin ku ga canji. Iyaye da yawa suna yar da shi bayan kwana goma su ce ba ya komai alhali bai ma fara ba. Ba a buɗe kafson, garin yana ƙona ido. A ba shi da abinci saboda tashin zuciya.

In an manta methylphenidate har yamma ta yi, a bar shi sai gobe. Ba a haɗa biyu a rama.

7. Makonni huɗu na farko: abin da za ku rubuta

Kowace rana layi ɗaya ya isa: ƙarfe nawa ya sha, ya ci abincin rana ko bai ci ba, ƙarfe nawa ya yi barci, ya yi kuka ko fushi, me malam ya ce. Raguwar cin abinci, ɗan ciwon kai, ciwon ciki da jinkirin barci su ne aka fi gani, kuma da yawa suna lafawa. Abincin da bai ci da rana ba a rama masa da dare lokacin da magani ya sake shi, ku ajiye masa gyaɗa, dabino, fura da nono, kar a ce lokacin abinci ya wuce.

Gargaɗi: kar ku ruga kemis ku sayo maganin sa cin abinci, ko Piriton don ya yi barci, ba tare da kun tambaya ba. Haka maganin mura, wasunsu suna ɗauke da abin da ke ƙara hawan jini da bugun zuciya a kan wanda yake sha. Shayi mai ƙarfi da yamma, goro, lemon kwalba mai sinadarin caffeine da lemon ƙara kuzari a janye su. In kuna ba shi rubutu ko tofi wannan tsakaninku da imaninku ne ban hana ba, amma jiƙe-jiƙe da garin magani da ba a san abin da ke ciki ba ku nuna mana tukuna.

Abubuwan da ba a jira: ciwon ƙirji, suma, numfashi sama-sama, jijjiga, ya ce yana ganin abubuwa ko jin muryoyi, kumburin fuska ko ƙuraje farat ɗaya, ko gaban yaro namiji ya miƙe ya ƙi kwanciya yana masa zafi. Ga mai shan atomoxetine a ƙara da ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, ko ya fara maganar mutuwa ko cutar da kansa. A tsayar da magani a tafi asibiti a ranar. In kuma kun ga ya yi shiru da yawa, ya zauna zuru kamar ba shi ba, wannan ba nasara ba ce, yawanci alama ce ta maganin ya yi masa yawa, a faɗa wa likita. Famasis yana da fom ɗin kai rahoton illar magani ga NAFDAC, ku ce ya cike.

8. Ajiya da makaranta

A kulle shi a durowa ko akwati, mabuɗi a hannun mutum ɗaya. Gidajenmu na da yawan jama'a, ga ƙannai ƙanana da za su iya haɗiyewa, ga samari da wani zai iya ruɗa su da kuɗi, mun ga abin da kodin ya yi a garuruwanmu har gwamnati ta hana maganin tari mai shi a 2018. Ku ƙirga ƙwayoyin duk mako. A bar shi cikin kwalinsa a ɗaki mafi sanyi, ba a mota ba, ba a saman firji ko taga ba, zafin watan Afrilu yana lalata magani.

Maganar jaraba da ake tsoro, in ana ba shi yadda likita ya rubuta ana kuma bibiya, ba a san shi da mayar da yaro ɗan ƙwaya ba. Haɗarin yana wurin wanda ba a rubuta wa ba ya ɗauka, ko a sha fiye da ƙima.

In akwai ƙwayar da zai sha da rana a makaranta kar a sa wa yaro a jaka. Famasis ya yi muku ƙaramin mazubi mai sunansa da lokaci, a damƙa wa malami ɗaya amintacce, na mako ɗaya kawai. Kuma a roƙi malam ya zaunar da shi a gaba nesa da taga, ya riƙa ba shi umarni ɗaya-ɗaya, ya bar bulala, magani ba ya koya wa yaro tsara jakarsa ko jiran layi, wannan aikinku ne da malamai.

9. Sabuntawa da bibiya

Saura kwana 7 zuwa 10 ya ƙare ku kira famasi su tabbatar akwai, sannan ku nemi sabuwar takarda, tsohuwa ba ta aiki sau biyu. Duk zuwa ku riƙo littafin. A auna nauyi duk wata 3 ga wanda bai wuce shekara 10 ba, tsayi duk wata 6, bugun zuciya da hawan jini duk wata 6 da kuma duk lokacin da aka canza yawan magani, domin yana iya ɗan rage saurin girma kuma a littafin ne za a fara gani. In an ba ku kwali mai suna ko kala daban da wanda kuka saba ku tambaya kafin ku fita, masu dogon aiki ba duka suke sakin magani iri ɗaya ba. Duk wani sabon magani da wani likita ya rubuta masa ku kawo a duba, misali fluoxetine yana sa atomoxetine ya taru a jiki.

Azumi in ya matso ku yi maganar tun a Sha'aban. Ƙaramin yaro bai wajaba a kansa ba, amma matashi da ke son yi sai an zauna da likita an ga ko za a mayar da shan zuwa sahur ko yaya, saboda ga rashin cin abinci ga ƙishirwa. Hutun makaranta ma wasu likitoci suna ba da hutun magani don yaro ya ci ya murmure, amma su za su ce. In za ku yi tafiya ƙetare, Umara ko ma Maraɗi, ku riƙe wasiƙar likita da maganin cikin kwalinsa na asali, kuma ku bincika dokar ƙasar kafin ku tashi.

Aƙalla sau ɗaya a shekara a zauna a duba ko har yanzu yana buƙatarsa. In likita ya canza ko ya tsayar, ragowar ƙwayoyin a mayar famasi a rubuta an karɓa, kar a ajiye don ƙaninsa da ake ganin shi ma ya fara ƙiriniya, shi ma sai an kai shi an duba shi daga mataki na ɗaya.